Bindigogin da Ke Garejin Maƙwabcina

Shekarar da muka tare a Woodbridge, wani gari kusa da Washington, abin da na fara gani a gidan maƙwabcinmu bindiga ce. Ranar Asabar ce da hantsi, ina sauke kwalaye daga bayan mota, sai na hango ƙofar garejinsa a buɗe. Ga wani tsohon Bature zaune a gaban tebur, da doguwar bindiga a kan cinyarsa, yana shafa ta da tsumma. Ya ɗaga hannu ya gaishe ni. Na amsa a gurguje, na shige gida na ce wa maiɗakina kada ta bar yara su doshi wancan ɓangaren.

"Ai sai da na faɗa maka," in ji ta. "Da mun yi zamanmu a Silver Spring cikin mutanenmu, da ba mu ga wannan ba."

A lokacin ina aiki a wani asibiti da ke arewa maso yammacin Washington, ni ke kula da na'urorin ɗakin tiyata. Na kan hau jirgin ƙasa tun da sassafe, in dawo a gajiye, don haka makonni suka shuɗe tsakanina da tsohon sai ɗaga hannu. Wata Asabar ina yankan ciyawa ya leƙo ta kan shinge ya ce ko zan ara masa idanuna. Wani ɗan sifirin na cikin bindiga ya tsalle masa, ya neme shi ya rasa, ga hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ba a yi mini tarbiyyar ƙin amsa kiran dattijo ba. Na kashe injin na bi shi.

Na tsinto masa sifirin ɗin a ƙarƙashin tebur. Da na miƙa masa sai ya ce in taimaka in mayar da shi wurinsa, ya juyo mini cikin bindigar da ya riga ya kwance. Nan na tsaya. Ni mutum ne da ya tashi da son kwance abubuwa, tun ina yaro a Zariya babu rediyo ko agogon da ya tsira daga hannuna a gidanmu. Abin da na gani a cikin wannan ƙarfe ya burge ni ƙwarai. Babu roba, babu waya, babu batir. Ƙananan ƙarafuna ne kawai da aka goge da hannu, kowanne yana tura na kusa da shi a daidai lokacin da ya kamata. A ƙarƙashin bututun akwai ɗan katako mai tsage-tsage. In ka ja shi baya sai kwanson harsashi ya fita, in ka tura shi gaba sabo ya shiga. Saboda wannan ja da turawar, ni a bakina suka zama bindigogi masu zuge.

Daga ranar na zama ɗan garejin. Duk Asabar in na gama aikin gida sai in tsallaka. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana can wata jiha mai nisa, shi kaɗai yake zaune. Na fara kiransa Baba, na gaya masa ma'anarsa, ya ji daɗi har ya riƙa gabatar da kansa haka in ya kira ni a waya.

Bindigogin goma sha wani abu ne, a jere cikin akwatin ƙarfe mai makulli. Duk ƙanana ne, harsashinsu bai kai ɗan yatsa ba. Ya ce mini tun ƙarshen ƙarni na goma sha tara aka fara ƙera irinsu a ƙasar nan. 'Ya'yan manoma ke harbin zomo da kurege da su, amma inda suka fi suna shi ne a kasuwannin wasa masu yawo gari-gari, irin masu lilo da majaujawa. A can akwai rumfar harbi, inda ake jera agwagin gwangwani suna tafiya a kan sarƙa, wanda ya kayar da su da yawa a ba shi 'yar tsana ya kai wa budurwarsa. Mahaifin Baba irin wannan rumfar yake da ita. Da ita ya zaga garuruwan Virginia, da ita ya ciyar da iyalinsa. Wasu daga cikin bindigogin na rumfar ne, sauran kuwa Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya a gwanjo da gidajen mutane tsawon rayuwarsa.

Ya koya mini duba su. Wadda bututunta ke da kusurwa takwas ta girmi mai zagayayyen bututu. Wadda kunamarta, wato ƙarfen da ake ɗanawa ta baya, ke waje ana ganinta ta girmi wadda aka ɓoye tata a ciki. Wasu noti ɗaya za ka kwance su rabu biyu, a sa su a jaka. Akwai ɗaya da aka huda gindinta aka sa zobe, ya ce a nan ake ɗaure ta da sarƙa a jikin teburin rumfar don kada mashayi ya juya ta ga jama'a. Katakonta ya yi baƙi ya yi sulɓi a daidai inda hannu ke kamawa. Hannun mutane nawa ya wuce ta wurin, Allah kaɗai ya sani. Ita na fi so, shi ma ya lura.

"Wannan taka ce in na tafi," ya ce mini wata rana, yana goge mai a hannunsa.

"Baba, ka daina irin wannan maganar," na ce. "Allah ya ƙara maka lafiya."

Muka yi dariya, aka wuce wurin. Ban taɓa ganin ya harba ko ɗaya ba, in ban da sau ɗaya da ya kai ni filin koyon harbi. Ƙarar ma ba wata ƙara ba ce, tas, kamar an karya busasshen kara. Abin da yake so shi ne ya kwance, ya goge, ya shafa mai, ya ba da labari. Ni ma abin da nake so ke nan. Na kan tuna bindigogin toka da maƙeranmu ke yi wa maharba a gida, waɗanda in sun tsufa sai a jefar a bayan ɗaki tsatsa ta cinye, babu mai tambayar wa ya ƙera su. Ga mutum nan ya san tarihin kowace kusa.

Mun shafe shekaru a haka. Maiɗakina ba ta taɓa shiga garejin ba, amma ta saki jiki da Baba har takan zuba masa tuwon shinkafa da miyar taushe ba yaji in kai masa.

Wata bazara aka kira ni a wurin aiki aka ce an ɗauke shi a motar asibiti. Jini ne ya buge shi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta tafi. Likitoci suka ce ba zai ƙara zama shi kaɗai ba. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi, 'yarsa ta zo don ta kwashe kayan gidan a sa shi a kasuwa.

Mace ce mai kamar shekaruna, malamar firamare, ba ta da yawan magana. Na je na yi mata sannu, na taya ta ɗaukar kaya masu nauyi. Sai da muka zo kan gareji na kawo maganar. Na ce mata na san bindigogin nan ɗaya bayan ɗaya, in tana so zan taimaka a samar musu wurin da ya dace.

"Na riga na yanke shawara," ta ce. "'Yan sanda zan kira su kwashe su, a narkar."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce mata waɗannan ba irin bindigogin da ake gani a labarai ba ne. Kayan tarihi ne, wasu sun haura shekara ɗari, kakanta ne ya yi sana'a da su.

"Suna harbi ko ba sa harbi?" ta tambaye ni.

"Suna harbi, amma..."

"To shi ke nan. Ka san abin da nake yi a makaranta? Duk zango sai mun yi atisaye. In kashe fitila, in kulle ƙofa, in cusa yara ƙanana a kusurwa in ce su yi shiru kamar akwai mai bindiga a waje. Wasu har fitsari suke yi a wando. Ba zan sayar da bindiga ba, ba zan kyautar ba. Ban san hannun da za ta faɗa ba bayan shekara goma."

Ina da yara a makaranta, na san atisayen da take faɗa. Amma raina bai kwanta ba. Na koma gida ina ta juya maganar, washegari na dawo mata da wata shawara. Na ce akwai allurar da ke dukan harsashi, zan iya cire ta daga kowace, a kuma toshe bututun da walda, ta yadda ba za su ƙara tashi ba har abada. Sai a ba gidan adana kayan tarihi su ajiye a bayan gilashi. Na san Baba da zai ji ana maganar walda a jikinsu da ransa ya ɓaci, amma ya fi narkarwa. Ta ce in har wani gidan tarihi ya karɓa kafin ta koma bakin aikinta a ƙarshen hutu, ta yarda. In ba haka ba, kada in ƙara yi mata maganar.

Nan wahalata ta fara. Na ɗauka abu ne na kira ɗaya. Yawancin manyan gidajen tarihi na Washington ko amsa saƙona ba su yi ba, wanda ya amsa ya ce suna da irinsu fiye da buƙata. Na koma kan ƙanana. Na samu wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a wata ƙaramar hukuma, da ke tara kayan rayuwar karkara ta da. Matar da ke kula da shi ta nuna sha'awa sosai da ta ji labarin rumfar harbi. Ta ce in turo hotuna, na tura. Ta ce in turo bayanin kowace, na zauna na rubuta abin da na tuna daga bakin Baba. Sai ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, akwai kwamiti. Na ce yaushe kwamitin zai zauna? Ta ce 'yan sa-kai ne, yawancinsu sun tafi hutu. Da na ƙara kira ta ce ana duba maganar inshora. Da na ƙara kira ta ce wanda ya san harkar makamai a cikinsu an yi masa aikin gwiwa. Kullum cikin fara'a take magana, kullum tana gode mini da haƙurina. Na kan tsaya a barandar asibiti lokacin cin abinci da waya a kunne, in gama in ji kamar in buga ta da bango.

Na gwada masu tara irin waɗannan bindigogi. Su kam a shirye suke su zo a ranar, amma saye suke so su yi, kuma masu kyan kawai za su zaɓa. 'Yar Baba ta ce ba ta ma son jin zancensu.

A gida ma ban sami mai taya ni ba. Da na ce wa maiɗakina ko in roƙi a bar mini mai zoben kaɗai, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"A wane gidan za ka ajiye ta, Malam? Ba dai wannan ba."

"An cire mata allura fa. Ƙarfe ne da katako kawai."

"Ka je ka yi wa maƙwabta wannan bayanin ranar da wani ya hango ka da ita ta taga."

Ita ta kai ƙarata wurin wani Alhaji, likita ne da ya daɗe a ƙasar, wanda muke ɗauka kamar uba. Mun je suna a Silver Spring ya ja ni gefe bayan an yi addu'a.

"Injiniya, me nake ji haka? Kai da gemunka da sunanka, a ƙasar nan, kake yawo kana kiran mutane kana tambayar inda za a ajiye bindigogi goma sha?"

"Ranka ya daɗe, kayan tarihi ne. Doka ma ba ta hana ba."

"Ni ban ce maka doka ba. Ka rufa wa kanka asiri, ka rufa wa 'ya'yanka. Bature da 'yarsa su ƙarata."

Na ce to, na gode, Allah ya ƙara girma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu. Kowa yana da hujjarsa, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin bindigogin nan ya ji yadda take zugewa.

Da hutu ya kusa ƙarewa na ce wa 'yar Baba mu je mu tambaye shi da kansa, tunda kayansa ne kuma yana raye. Na gaya mata ya taɓa cewa mai zoben tawa ce. Ba ta ƙaryata ni ba, ta ce mu je.

Muka same shi a keken guragu kusa da taga, an yi masa aski, ya rame. Ya gane ni, ya kama hannuna da na hagunsa ya matse. Tun da ciwon ya same shi kalma ɗaya ta rage a bakinsa, wadda in an fassara ta take nufin "madalla". Na durƙusa a gabansa na yi magana a hankali.

"Baba, bindigoginka. Kana so a kai su gidan tarihi?"

"Madalla," ya ce.

Na waiwayi 'yarsa. Ta matso ta dafa kafaɗarsa.

"Baba, ko in ba 'yan sanda su narkar da su?"

Ya dube ta, ya dube ni. Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ya bugi hannun keken da tafinsa. Abin da ya fito dai shi ne, "Madalla." Sai hawaye ya zubo masa. Na ɗauko takarda da biro na sa masa a hannun hagu, ya yi wani zane da ba harafi ba, ya jefar da biron. Ma'aikaciyar wurin ta leƙo ta ce mu bar shi ya huta.

A wajen ajiye motoci na ce mata ai ta gani da idonta, ba ya so.

"Na ga mahaifina yana kuka," ta ce. "Ban san me yake so ba, kai ma ba ka sani ba. Kada ka ƙara sa ni in yi masa haka."

Na sake kiran gidan tarihin na ce lokaci ya ƙure. Matar ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta.

Ranar wata Laraba jirginmu ya daɗe a tsaye a hanya, na iso gida bayan la'asar sakaliya. Tun daga kan kwana na ga ƙofar garejin a buɗe. Akwatin ƙarfen yana nan, ƙofarsa a wangale, babu komai a ciki sai tabon mai a kan shimfiɗar. Maiɗakina ta ce da rana motar 'yan sanda ta zo, mutum biyu suka fito da su a nannaɗe cikin tsofaffin barguna. Ba su daɗe ba.

'Yar Baba tana cikin kicin tana naɗe kofuna a jarida. Ta ce ta jira iya jiranta, jibi za ta tafi. Ta ce ta san na ji haushi. Na ce mata e, na ji. Washegari na kira ofishin 'yan sandan ko za a iya dakatarwa. Wanda ya ɗauka ya yi mini bayani cikin ladabi cewa mai ikon kayan ce ta miƙa su, ni kuwa ba ɗan uwa ba ne, ba ni da ta cewa.

Mako bai cika ba matar gidan tarihin ta kira ni da murna a muryarta. Kwamiti ya zauna, sun amince za su karɓi guda uku, har sun ware musu wuri kusa da tsohon keken doki. Ta ce yaushe zan kawo? Ina tsaye a gaban wata na'ura da na kwance, da sukundireba a hannuna. Na ce mata babu su, an narkar. Ta ce kash, abin takaici, da ma an sanar da su da wuri cewa abin na gaggawa ne. Na kashe wayar ba tare da sallama ba, na fita na zauna a matattakala.

Kafin ta tafi, 'yar Baba ta kawo mini makullin gidan, ta roƙe ni in riƙa duba shi har a sayar, in kuma riƙa leƙa mahaifinta tunda ita tana nesa. Na karɓa. Na yanke ciyawar gidan har kaka ta shigo. Ina zuwa wurin Baba bayan sallar Juma'a in na sami dama, in tura kekensa zuwa lambu mu zauna. Ban gaya masa abin da ya sami bindigogin ba, ban kuma san ko 'yarsa ta gaya masa ba. Takan kira ni jefi-jefi ta tambayi jikinsa, mu gaisa lafiya lau. Har yau in na ga lambarta sai na ja numfashi kafin in ɗauka.

Wasu mutanen Kumasi ne suka sayi gidan, miji da mata, Musulmi, suna jin Hausa irin ta zango. Sana'arsu aika kaya gida. Ranar da suka tare na taya mijin shigar da manyan durom-durom masu ruwan bula cikin garejin, muka jera su har bakin ƙofa. Ya tambaye ni ko na san wanda zai ɗauke wannan akwatin ƙarfen, ya tare masa wuri, ga nauyin tsiya. Na ce zan tambaya. Ban tambayi kowa ba, bayan 'yan kwanaki na ga masu kwasar tsohon ƙarfe sun zo sun ɗora shi a mota.